Munduwar Da Muka Ciro Daga Akwati

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewar zamanmu gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran malamar nan da iyayen yara ke kira Anti Mai Munduwa, shugabar sashen yara masu lalurar ji a cibiyar da muke kai ƙanwata. Ina makaranta lokacin, muna rubuta gwajin lissafi. Da na dawo gida na tarar da Umma zaune a ƙasa a tsakiyar ɗaki, wayarta a kife a gabanta, Baba yana tsaye a bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa. Ƙanwata Auta kuwa tana kusurwarta, tana juya murfin kwalba a hannu, fuskarta a sake. Umma ta dube ta, ta ce, "Baiwar Allah, ba ta ma san abin da ya same ta ba." Duk muka yarda da wannan magana.

Anti, ni ce yayar Auta, wadda kike kira Yaya Shiru. Shekara uku ina hawo muku bene duk ranar Asabar, amma ban taɓa haɗa miki jimla uku a jere ba. Idan kika tambaye ni karatu, sai in dubi ƙasa in ce lafiya lau. Yanzu ina da maganar da nake son faɗa miki, ga shi ba kya nan. Shi ya sa na ɗauki biro. Akwai godiya a ciki, akwai kuma wani kuskure da muka yi bayan tafiyarki, wanda ya kusa raba mu da Auta tana raye.

Saboda masu karatu da ba su san mu ba, bari in faɗi ko wace ce Auta. Shekararta bakwai. An haife ta wata bai cika ba. Ba ta ji sai kaɗan, shi ma idan an sa mata na'urar ji a kunne. Idanunta suna ganin haske da inuwa da manyan abubuwa, amma ba sa rarrabe fuska. Ɓarin jikinta na dama ba shi da ƙarfi, hannun yakan lanƙwashe idan an bar shi. Hannun hagu shi ne bakinta, shi ne kunnenta, shi ne rabin idonta. Duk abin da zai shiga wurin Auta, ta tafin hannun nan yake bi.

Kafin mu san ki, Umma tana da wata jaka baƙa cike da takardu. Litinin wurin mai gwajin ji, Laraba wurin likitar ido, wani mako wurin mai gashin ƙashi, wani wurin malamar magana, ga likitan yara kuma. Kowannensu ya san aikinsa, kowannensu yana da kirki. Amma mai gwajin ji ya ce a koya mata maganar hannu ta riƙa kallo, likitar ido ta ce kallon nan ba zai yiwu ba. Mai gashin ƙashi ya ce a ɗaure hannun dama cikin madauri yini guda don ya miƙe, malamar magana ta ce tana buƙatar hannuwan biyu a sake. Ƙafar tabarau da na'urar ji kuma suna rigimar wuri ɗaya a bayan kunne, da an sa wannan sai wancan ya faɗo. Umma takan dawo gida ta zazzage takardun a kan gado ta zuba musu ido, ba ta san wacce za ta bi ba.

Ranar da muka fara zuwa wurinki, ba ki buɗe jakar ba. Kika zauna a ƙasa kusa da Auta, kika ajiye hannunki a kan tabarma, ba ki taɓa ta ba. Mun fi minti ashirin a haka, har na fara jin kunya a madadinki. Can sai Auta ta miƙo yatsa, ta ci karo da munduwar azurfa mai ƙulli uku da ke hannunki, ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Sannan kika ɗago kika ce wa Umma, "To, mun gaisa. Yanzu kawo takardun."

Asabar ta gaba kika tara su duka biyar a teburi ɗaya, Auta tana zaune a tsakiyar ɗakin. Ina bayan ƙofa ina ji. Kika ce wa mai gwajin ji, "Kunnen yana wurinka." Kika juya ga likitar ido, "Idon yana wurinki. Hannun yana wurin wancan bawan Allah. To ita Autar tana wurin wa?" Suka yi dariya. A wannan zaman aka shirya cewa za a cire madaurin hannu a lokutan magana, a mayar da shi lokacin hutu. A nan likitar ido da mai gwajin ji suka haɗa kai a kan kunnen yarinya ɗaya, har suka samo tabarau mai zare maimakon ƙafa. Daga ranar, duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai sun zauna, kuma ba a fara zama sai yaron da za a yi magana a kansa yana cikin ɗakin. Kin ce ba a yi da mutum a bayan idonsa, ko da idon ba ya gani.

Akwai dokokinki guda uku da duk wanda ya taɓa hawa benen nan ya sani.

Ta farko, daɓen ɗakin da kike aiki da yaran na katako ne, kuma ke kika hana a sa masa siminti. Duk wanda zai shiga sai ya buga dunduniya sau biyu a bakin ƙofa, don yaran da ke zaune a ƙasa su ji a jikinsu cewa mutum ya shigo. Idan zai fita, ya buga sau ɗaya. Kin ce yaron da ba ya ji ba ya gani, idan ba a gaya masa an fita ba, zai yini yana zaton akwai mutum tsaye a kansa.

Ta biyu, kowane ma'aikaci yana da alamarsa a jiki, wadda yaro zai taɓa kafin a taɓa shi. Mai gwajin ji yana rataye da kunnen roba a wuya. Likitar ido tana da tabarau marar gilashi a aljihun gaba. Mai gashin ƙashi yana da ƙwallo mai ƙaya-ƙaya, malamar magana tana da gashin tsuntsu a maƙale a kafaɗa, likitan yara kuma igiyar abin awon ƙirjinsa. Ke munduwa. Na taɓa tambayar Umma me ya sa ni ba ni da alama, ashe kin ji. Kika kama babban yatsana inda wuƙa ta taɓa yanka ni, kika ce, "Taki a jikinki take, Yaya Shiru. Ba mai iya aro."

Ta uku ita ce akwati. Wani akwatin katako ne mai murfi, a gefen taga, kowa yana ce masa akwatin an gama. Kowane aiki yana da abinsa: cokali na cin abinci, soso na wanke hannu, guntun igiya na lilo. Idan aka kammala aiki, yaro zai ɗauki abin da hannunsa ya sa a akwati, ya rufe. Daga nan Auta ta samo kalmarta ta farko. Takan kifa tafin hagu a kan bayan hannun dama, kamar mai rufe murfi, ma'ana an gama. Amma alamar mutum ba ta shiga akwati. Wata rana mai gwajin ji ya gaji, ya cire kunnen robarsa ya jefa ciki, yana cewa shi ma yau ya gama. Ban taɓa ganin fuskarki ta canza haka ba. Kika ce, "Malam, ciro kunnenka tun ba ta laluba ba. So kake ka gaya mata ka mutu?" Ya ciro da sauri yana cewa, "A yi haƙuri, ranki ya daɗe, ina da sauran shekaru." Aka yi dariya, ni ma na yi a cikin mayafina.

Ba zan manta da ranar da kika kai ni ɗakin shiru ba, wanda ake gwajin ji a cikinsa a ƙasan bene. Kin ga na yi fushi da Auta saboda ta yakushe ni lokacin da na ɗauke ta daga baya. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika sa ni a ɗakin, kika kashe fitila, kika rufe ƙofar nan mai kauri. Bangon ɗakin yana shanye sauti. Na ji bugun zuciyata, na ji wani siririn kuka a cikin kaina wanda ban san yana nan ba. Ban san minti nawa na yi ba. Sai kawai hannu ya sauka a kafaɗata. Na yi ihu, ihun bai je ko'ina ba. Kika kunna fitila kika ce, "Haka take ji duk lokacin da kika zo ta baya." Tun ranar ban ƙara taɓa ƙanwata ba sai na fara ba ta yatsana.

Anti, mu masu ido ba mu ga kina ciwo ba. Rigunanki masu faɗin hannu ne, dariyarki ba ta ragu ba, kina hawa benen nan kina tsokanar mai gashin ƙashi cewa shi da yake gyara ƙafafun mutane ya fi kowa haki. Auta ce ta sani. Duk Asabar idan ta gama bin ƙullin munduwa, takan zagaye tsintsiyar hannunki da yatsunta. Da farko yatsun ba sa haɗuwa. Daga baya suka fara taɓa juna. A watannin ƙarshe suna haɗuwa har su haye, munduwar kuma tana zamewa har gwiwar hannu. Na ga tana daɗewa a wurin, tana auna ki, ta saki, ta sake aunawa. Na zaci wasa ne.

Asabar ta ƙarshe da kika zo, ana cikin aiki kika ce in sauka ƙasa in karɓo batirin na'urar Auta. Na ce akwai a jaka. Kika ce, "Je ki dai, ki karɓo sabo. Kada ki yi sauri." Na je, na jira mai gwajin ji ya sallami wasu, na dawo. Na buga dunduniya sau biyu na shiga. Kuna zaune ku biyu a gefen taga, kin saukar da hannun riga har yatsu, Auta ta jingina kanta a ƙirjinki, kina yi mata waƙa a hankali don ta ji rawar muryar a ƙashinta. Da za ki fita, kika tsaya a bakin ƙofa kika dube mu, kika buga sau ɗaya.

A hanyar gida, cikin mota, Auta ta kama tsintsiyar hannuna ta zagaye, sannan ta kifa tafi a kan hannunta. An gama. Ta maimaita ya fi sau goma. Na rubuta mata a tafi cewa e, an gama karatun yau. Ta ture hannuna, ta sake yi.

Asabar biyu ba ki zo ba, aka ce kina asibiti. Auta ba ta juya wajen ƙofa ta neme ki ba, ita da ko minti biyar kika makara sai ta fara dukan daɓe. Ta yi aikinta da malamar magana, ta ci abinci, ta yi lilo. Sai ranar Litinin ta zo.

Bayan an yi jana'izarki da kwana biyu, su biyar suka zauna a teburin ba ke, ba yaro ko ɗaya a ɗakin. Abin da ya dame su shi ne Auta, domin a cikin yaran ita ce ta fi shaƙuwa da ke. Ta yaya za a gaya mata? Kalmominta ba su wuce arba'in ba, kuma babu mutuwa a ciki. Suka tuna abin da ke kanki kika sha nanata musu, cewa kada a sauya wa yaro abin da ya saba da shi farat ɗaya. Munduwarki kuma tana ofis, an ce kin manta da ita. Sai suka yanke shawara cewa malamar magana ta sa ta na ɗan lokaci, ta yi duk abin da kike yi, har yarinya ta saba, sannan a janye a hankali. Sun gaya wa Umma, ta yarda. Ni ma da aka gaya mini na ga kamar tausayi ne. Ba wanda ya yi haka don mugunta, Anti. Koyarwarki suka bi, sai dai sun bi rabinta.

Asabar, ƙarfe goma, muna zaune a ƙasa ni da Auta. Malamar magana ta cire gashin tsuntsunta, ta sa munduwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta buga sau biyu, da irin nauyin da kike bugawa, domin ta yi shekaru tana jin ki. Ni da nake kallonta da idona, sai da na ji kamar ke ce kika shigo. Ta zauna, ta ajiye hannu a tabarma. Auta ta miƙo yatsa. Ƙulli na farko. Na biyu. A na uku ta tsaya. A hankali ta zagaye tsintsiyar hannun, yatsun ba su haɗu ba. Ta koma kan munduwa, ta dawo kan hannu, ta sake komawa. Sannan ta buɗe baki ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, siriri, dogo, ba hawaye. Ta ja da baya da gindi har ta bugi bango, ta cusa hannuwanta biyu a hammata. Malamar magana ta tashi ta fita da gudu tana kuka.

Kwana goma sha huɗu Auta ba ta buɗe hannu ba. Ta fizge na'urar ji ta jefar, ta tsinke zaren tabarau. Idan na kai mata yatsana mai tabo, sai ta ƙara matse hammata. Ba ta karɓar cokali, sai ɗan ruwa da madara da Umma ke ɗura mata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda take zama. Ko a gida, da rana tsaka, tagogi a buɗe, takan juya fuska wajen ƙofa ta ƙanƙame jiki, kamar akwai wanda ke tsaye a wurin. Idan aka mayar da ita falo, ta nemi ƙofar falo. Idan aka kai ta kicin, ta nemi ta kicin. Na san wanda ya rasu ba ya dawowa, an koya mana, kuma na yi imani da haka. Amma na kai ga ba na iya wucewa ta bakin ƙofar ɗakinmu sai na raɓa gefe.

Jakar Umma baƙa ta sake fitowa. Mai gwajin ji ya duba a ɗakinsa ya ce kunnen bai canza ba. Likitar ido ta duba a nata ta ce idon yana yadda yake. Mai gashin ƙashi ya ce hannun dama ya fara sandarewa, aikin shekara uku yana warwarewa. Likitan yara ya auna ta, ya ce idan ta kai Litinin ba ta ci ba, za a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci. Kowa ya koma ɗakinsa da gaɓarsa. Na tuna tambayarki, ita Autar tana wurin wa, na ga ba ta wurin kowa. Idan hannun nan ya rufe ya zauna a rufe, babu wata ƙofa da ta rage mana.

Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na biyo Umma cibiyar. Tana ciki da likita, ni ina zaune a matakala. Iya mai shara, tsohuwar da ke goge benen, ta zo ta tsaya a kaina da bokitinta.

"Ke 'yar boko, ɗaga ƙafa. Kullum kai a ƙasa kamar mai neman allura."

Na ɗaga. Ta goge, ta zauna kusa da ni tana huci.

"Yaya jikin ƙanwar taki? Ni tun ranar da aka sa wa waccan malamar munduwar nan raina bai so ba. Da na sani da na bar ta inda na gan ta."

Na ce, "Iya, a ina kika gan ta?"

"A akwatin can mana, na gefen taga. Asabar ɗin da marigayiya ta zo ta ƙarshe, ina kwashe cokula zan wanke, sai ga ta a ciki, an ma naɗe ta da soso. Na ce oh, Malama da mantuwa, ita da ke yi wa mutane faɗa. Na kai ofis."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Batirin da kika aike ni. Hannun rigar da kika saukar. Tafin da Auta ta yi ta kifawa a mota. Ashe kin gaya mata. Kin kama hannunta kun sa munduwar a akwati tare, kun rufe. Ita kaɗai kika gaya wa, da harshen da ku biyu kuka gina, kuma ta gane, ta yi haƙuri tun kafin mu ji labari. Ranar da muke cewa ba ta san abin da ya same ta ba, ta riga mu sani da kwana goma sha shida. Mu kuma muka buɗe akwati, muka ciro wadda aka gama, muka dawo mata da ita da hannun wata. Sannan na tuna abu na biyu, wanda ya sa na koma na zauna a matakalar nan. Malamar magana ta buga sau biyu ta shiga, amma da gudu ta fita. Ba ta buga ɗaya ba. A wurin Auta, abin da ya shigo ranar nan bai fita ba har yanzu.

Washegari Asabar ce, kuma su biyar suna da zama. Anti, kin san ni. Ko a aji idan malami ya kira ni, muryata maƙalewa take. Na tsaya a bayan ƙofar nan da na saba laɓewa, na fi minti goma. Sai na buga dunduniya sau biyu na shiga, Umma tana biye da ni ɗauke da Auta. Likitan yara ya ce, "'Yan mata, muna taro ne." Na ce, "Ba a yin taro sai yaron yana ɗaki." Ban san daga ina maganar ta fito ba. Mai gwajin ji ya ja mini kujera ya ce, "Yau Yaya Shiru ce da magana? To kowa ya gyara kunne, ni nawa ma uku ne." Na faɗa musu duka, ina kallon teburi, Iya tana bakin ƙofa tana gyaɗa kai. Da na gama, malamar magana ta rufe fuska da hannu. Likitar ido ta ce a hankali, "Ta bar mana saƙo, mu ne ba mu iya karatu ba."

Suka sauko daga kujeru suka zauna a ƙasa, kowa da alamarsa a jikinsa. Mai gashin ƙashi ya nuna yadda za a zaunar da Auta don kafaɗarta ta saki. Likitar ido ta sa aka rage labule, aka bar haske a kan akwati kaɗai. Mai gwajin ji ya ce kada a sa mata na'ura, a bar daɓe ya yi magana. Malamar magana ta mayar da gashin tsuntsunta a kafaɗa, ta ajiye munduwar a kan tabarma, ba a hannun kowa ba. Na tura ta a hankali har ta taɓa ƙafar Auta. Sannan na jawo akwatin, na buɗe murfin, na jingina shi da gwiwarta.

Muka jira. Agogon bango ya ci minti ashirin da biyar. Sai hannun hagu ya zaro daga hammata. Ya sauka kan munduwa, ya bi ƙulli uku, ya laluba cikinta ya ji ba kowa. Ya laluba gefe da gefe, ya ji ba hannu. Auta ta ɗauke ta, ta riƙe a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ta sa a akwati, ta rufe murfin da kanta. Ta kifa tafi a kan hannun dama.

Ba ta tsaya nan ba. Ta juya fuska wajen ƙofa, inda ta yi kwana goma sha huɗu tana fuskanta. Ta ɗaga ƙafarta ta hagu, ta buga dunduniya a katako sau ɗaya. Dukanmu muka ji shi a jikinmu. Ba wanda ya taɓa koya mata bugawa, domin ita ba ta taɓa fita ɗakin nan da ƙafarta ba. Ta saurara da jikinta, kamar mai jiran ta tabbatar. Sai kafaɗunta suka sauka. Ta miƙo hannu cikin iska, na ba ta yatsana, ta sami tabon, ta riƙe. Da ɗaya hannun, wanda aka ce ya sandare, ta taɓa bakinta. Likitan yara da kansa ya tashi ya ɗauko cokali.

Munduwar tana cikin akwati har yau. An samo wani akwatin don cokula, wancan kuma an bar shi a gefen taga. Su biyar sun ci gaba da zama a teburi ɗaya, sun kuma ƙara kujeru biyu, ɗaya ta dangin yaro, ɗaya ta Iya, wadda ta ce ita ba ta iya zaman kujera ba amma za ta gwada.

Ki yafe mana, Anti. Kin yi sallama yadda ya kamata, mu ne muka ɓata.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyayena ga mahaifiyarki, wadda na gani sau ɗaya ta kawo miki laima ranar ruwa, da maigidanki, da 'ya'yanki biyu, da ƙannenki, da abokan aikinki, da dukan iyayen da suka taɓa hawa benen nan da jakar takardu. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi namu. Ina kuma yi wa yaran ta'aziyya, waɗanda ba za su karanta wannan ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa. Ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, kada Ka bar ta cikin duhu da kaɗaici, ita da ta ƙi barin yaran mutane a ciki. Yadda ba ta taɓa zuwa wa yaro ta baya ba, Ka sa duk abin da zai zo mata a can ya zo mata da sallama. Ka haɗa ta da Auta a gidan da kunne ke ji, ido ke gani, su gane juna ba sai an laluba ba. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.